Waken da Ya Ƙi Zama Awara

Idan ka tambayi mutanen unguwarmu a Hunkuyi aikin da Hanifa take yi, za su ce maka likita ce, don sun ga hotonta da farar riga. Ba likita ba ce. Wake take aunawa. Tana aiki a wani kamfani da ke kan hanyar Kano, inda ake sayen waken suya a tatso furotin ɗinsa, wato sinadarin nan mai gina jiki, a busar da shi ya zama gari don haɗa abincin yara. Duk motar da ta kawo kaya sai ta tsaya a ƙofa har Hanifa ta ɗebi samfuri ta gwada, ta faɗi kashi nawa na furotin ɗin ne zai narke a ruwa. In ta ce a sauke, a sauke. In ta ce a'a, direba ya juya kan motarsa.

Ni ne kawunta, Safiyanu mai injin markaɗe na bakin kasuwa, ƙanin mahaifiyarta Asibi. Na fi kowa sanin abin da ya kai ta ga wannan aiki, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba son boko kaɗai ba ne. Mutum ne ya kai ta. Sunansa Alhaji Ladan, dillalin hatsi, wanda har gobe in na hango hularsa sai na ji ɗaci a bakina.

Yaya Asibi ta fara awara tun lokacin da mutanenmu ke ɗaga ta suna juyawa suna tambayar ko cuku ne. Mijinta ya rasu Hanifa tana shekara huɗu, ba ta kuma sake aure ba. Da awara ta riƙe gidan. Ta jiƙa wake, ta kawo mini in markaɗa, ta tace da ƙyalle, ta ɗora madarar a wuta, in ta tafasa ta zuba ruwan tsami, abin ya dunƙule, ta kwashe ta ɗaure a buhu ta danne da dutse. Dusar da ta rage a ƙyallen tata kuma ta awakinta ce. Kowa a garin ya san lissafin hannunta: tiya biyu ta wake, tire guda cike. Ba mace ce mai surutu ba. Abin da take taƙama da shi a duniya guda biyu ne, hannunta da 'yarta, wadda ko sau ɗaya ban taɓa jin ta kama sunanta ba saboda kunyar 'yar fari. Kullum “yarinyar nan” ce.

A shekarar 2013, bayan kaka, Islamiyyar Malam Usmanu ta shirya walimar saukar Alƙur'ani ta ɗalibai arba'in. Hanifa tana cikinsu, tana 'yar shekara goma sha huɗu. Kwamitin iyaye ya yanke a yi awara a haɗa da shinkafa, aka auno tiya talatin ta wake daga rumfar Alhaji Ladan, wanda shi ma ɗan kwamiti ne, aka kai wa Yaya. Ta ce aikinta sadaka ne, tunda da 'yarta a ciki.

Da sassafen ranar aka jero mini bokitai a bakin inji. Ina zuba na farko na ji wani ƙamshi da ba na ɗanyen wake ba. Ɗanyen wake gafi gare shi. Wannan kuwa ƙamshi-ƙamshin soyayyiyar gyaɗa yake yi, da wani ɗan zaƙi a bayansa. Ƙullun ma bai fito fari tas ba, ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa. Na gani, na ji, na yi shiru, saboda layi ya yi tsawo, mata suna ta yi mini tsiya in yi sauri. Wannan shirun shi ne kasona a cikin labarin nan, ba zan kuma ɗora wa kowa shi ba.

Madarar ta fito tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Yaya ta zuba ruwan tsami, sai wasu 'yan ɓarɓashi suka taso suna yawo. Ta ƙara, ta sake wuta, ta aika aka karɓo ruwan tsamin maƙwabta, ta gwada da tsamiya. A banza. Waken da ya kamata ya ba da tire goma sha biyar, huɗu ya bayar, su ma suna marmashewa a cikin mai. Dusa kuwa ta taru tsibi guda, mai nauyin da ba a saba gani ba, amma a ranar wa yake ta dusa?

Baƙi sun zo daga Likoro da Kudan, har da na Makarfi. Aka raba shinkafa gaya, rabin mutane ba su ga awara ba. Malam Usmanu ya sa aka kira Yaya zaure yana tambayarta a hankali, sai Alhaji Ladan ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji.

“Allah gafarta Malam, ni dai tiya talatin na auna, a gabanka. Tire huɗu aka kawo. Wake ba ya da fiffike. A duba ɗakinta mana.”

Malam bai ce a je ba, bai kuma ce kada a je ba. Mata biyu 'yan kwamiti suka shiga ɗakin yayata, suka ɗaga katifa, suka buɗe kwalla, suka leƙa ƙarƙashin gado. Ba su sami komai ba sai gwangwanin madara guda cike da waken. Al'adarta ce, duk waken da aka kawo sai ta ɗebi kaɗan ta ajiye don ta gane na wace gona ya fi kyau. Ɗayarsu ta fito tana karkaɗa gwangwanin a sama kamar ta kama ɓarawon shanu. Hanifa tana tsaye a bakin ƙofa da sabon farin hijabi, allonta mai zayyana a rungume. Ba ta yi kuka ba. Kallon gwangwanin kawai take yi.

Bayan 'yan makonni awakin Yaya suka yi ɓul-ɓul, gashinsu yana sheƙi. Ladan ya samu na faɗa a rumfa. “Ku dubi awakinta,” in ji shi, “ku ce mini ba a sayar da wake an sayo musu harawa ba.” Aka laƙaba mata suna, Asibi Tiya Talatin. Sau biyu ina zuwa rumfarsa da niyyar in shaƙe shi, sau biyu ana riƙe ni.

Yaya ta kife tukwanenta a bayan ɗaki, ta koma yi wa mutane surfe da ɓarzar masara. Na daɗe ina zaton sunan sata ne ya karya ta. Ashe abin ya fi haka. Ita ta san ba ta ɗauki komai ba, don haka a wurinta bayani ɗaya ne ya rage: hannunta ne ya mutu. Wata rana na same ta zaune tana juya tafukanta tana kallo. Ta ce, “Safiyanu, Allah ya karɓi abinsa.” Ko ƙosai ba ta sake soyawa ba.

Hanifa ta taso shiru-shiru irin uwarta, sai dai ita shirunta da ƙaho. Tambaya ɗaya ta riƙe, ta yi mini ita ya fi sau ɗari a bakin inji. “Kawu, wake tiya talatin ya shiga. Awara tire huɗu ta fito. Inna ba ta ɗiba ba. To ina sauran ya tafi?” In ce mata ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma dai ina ya tafi? Da surfen uwarta da ƙugin injina ta gama sakandare, ta samu shiga wata kwalejin fasaha a Zariya, sashen aikin ɗakin gwaje-gwaje. 'Yan'uwa suka ce ta yi aikin jinya, shi ne na mata. Ta saurare su da ladabi, ta yi abin da ta ga dama.

A hutun shekararta ta biyu ta dawo da amsa. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Yaya tana tsince shinkafar wani gida, Hanifa ta zauna kusa da ita.

“Inna, na gano inda awarar ta tafi.”

Yaya ba ta ɗago ba.

“Abin da yake zama awara, furotin ne. Sai ya narke ya bi ruwa ya wuce ƙyallen tata kafin ruwan tsami ya dunƙule shi. Amma in wake ya sha wuta yana jiƙe, furotin ɗin dunƙulewa yake yi tun yana cikin ƙwayar. Kamar ƙwai ne, Inna. In aka dafa shi, ba ya komawa ruwa. Ko an markaɗa, ba zai narke ba, ba zai wuce ƙyalle ba.”

“To yana ina?” Ni na tambaya.

“Cikin dusa, Kawu. Awaki ne suka ci walimar.”

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ƙamshin nan ya dawo mini hanci, soyayyiyar gyaɗa da zaƙi a bayanta. Na tuna shekarar an yi ruwan ƙarshe mai yawa, ya daki wake a gona bayan an tuge. Na tuna surukin Ladan yana da wurin dafa mazarƙwaila a Nasarawan Doya, da manyan kasaken ƙarfe da ake tafasa ruwan rake a ciki, waɗanda a kaka zaune suke ba aikin komai sai rani ya shiga. Mutumin da ya sayi jiƙaƙƙen wake yana tsoron kada ya yi fumfuna, ga kasake a banza, ga busasshen tuƙar rake na hura wuta, me kake zato zai yi? Nan take na faɗa musu abin da hancina ya ji ran walima na yi shiru. Na sa rai Yaya ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba.

“Wannan maganar takarda ce,” ta ce. “Ni na san abin da hannuna ya yi.”

Na ce a ɗauko gwangwanin nan, don na san yana nan a ƙasan kwalla, Hanifa ta kai makaranta ta gwada, mu manna wa Ladan sakamakon a goshi. Yarinyar nan ta girgiza kai. Wai waken da ya shekara bakwai a gwangwani, ko na gonar wa ne, furotin ɗinsa ya riga ya daina narkewa saboda tsufa. Gwajin zai fito yadda nake so, amma ba zai zama hujja ba. Na ce wa zai sani? Ta ce ita. Ranar na fara gane cewa 'yar yayata za ta ba ni wahala.

Da ta gama aka ɗauke ta a kamfanin nan. Na taɓa kai mata ziyara sau ɗaya, aka sa mini hular leda aka bar ni na tsaya a gefe. Ta niƙa waken ya zama gari, ta auna ɗan kaɗan a wani sikeli da ke cikin akwatin gilashi, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai lambarsa ta motsa. Ta zuba ruwa, wani ɗan inji ya kaɗa minti goma cif, tana kallon agogo. Ta ɗura a kwalabe ta jera a cikin wani injin mai wulwula su da gudu, har dusar ta kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya a sama. Ruwan saman ta ɗiba, ta dafa da sinadarin asid, ta bi da shi ta wasu bututun gilashi, sannan ta riƙa ɗiga masa wani ruwa, ɗigo-ɗigo, har launinsa ya juya daga kore zuwa ja-ja. Yawan ɗigon shi ke gaya mata furotin nawa ya biyo ruwa. Sai ta gwada shi da wanda ke cikin waken gaba ɗaya. Lafiyayyen wake yakan ba da kashi tamanin cikin ɗari ko fiye. Kamfanin ba ya karɓar abin da bai kai saba'in ba. Na kalla har ƙarshe na ce mata, “Ashe dai awara kike yi, da tsada.” Ta yi dariya ta ce kusan haka ne.

A kakarta ta farko a can, Alhaji Ladan, wanda yanzu ya girma har yana kai kaya kamfanoni, ya aika musu mota guda. Tana ganin sunan a takarda ta kira ni, abin da ta yi nadamarsa daga baya. Na ce Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mana shi har gida.

“Kawu, tamanin da biyu ya bayar. Waken lafiyarsa ƙalau.”

“Ki rubuta sittin.”

“Ba zan iya ba.”

“Mutumin da ya sa aka ɗaga katifar uwarki? Ɗigo nawa ne tsakanin tamanin da sittin?”

“Kawu, shi ma ai abin da bai auna ba ya faɗa a kan Inna.”

Na kashe wayar. Wata biyu ban ɗaga kiranta ba, shaddar da ta aiko mini ma na mayar. Ina ganin motar Ladan ta dawo wayam, yana raba goro a rumfa, ni kuwa ina cizon yatsa a bakin inji. Har yau ban ce ta yi kuskure ba, amma ban ce na ji daɗi ba.

Kaka ta zagayo, ruwa ya ƙi ɗaukewa. Wake ya jiƙe a gonakin Likoro, manoma suna neman wanda zai raba su da shi. Ladan ya bi ƙauyuka ya kwashe. Makonni uku bayan nan ya tafi kamfani da kansa, da mota biyu, wake busasshe ƙayau yana sheƙi. Hanifa ta gwada, talatin da takwas. Ta sake, talatin da takwas. Ta ba abokin aikinta samfurin ba tare da ta gaya masa na wane ne ba, ya samu talatin da tara. Ladan ya zo tagar ɗakin gwajin yana faɗa, wai wace yarinya ce za ta raina masa kaya. Ta gaishe shi har da rusunawa, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, ta miƙa masa takardarsa, ta yi masa bayani dalla-dalla cewa waken ya sha wuta, ba zai yi madara ba, ba zai yi awara ba, sai dai abincin dabbobi. Sannan ta ce, “Alhaji ba ka gane ni ba. Ni ce 'yar Asibi mai awara.”

Da ta ba ni labari na sa ta maimaita wannan wurin sau uku. Amma daɗin bai daɗe ba. Ladan ya yayyaga takardar tun a ƙofar kamfani, ya dawo Hunkuyi ya ce farashinsu ne bai yi masa ba. Ya kwance buhuna a rumfa ya fara auna wa mata mudu-mudu da rahusa. Hanifa takan ce wataƙila a karon farko bai san wuta tana kashe wake ba, ya ɗauka busarwa kawai ya yi. To a karo na biyu fa? An gaya masa da baki, an rubuta masa a takarda.

Kwana huɗu bayan nan wata matashiya mai awara, Rahama, ta ajiye bokitinta a gabana idonta a kumbure. Ta ce jiya awararta ta ƙi, mijinta ya ce sayar da waken ta yi ta ɓoye, yau za ta sake gwadawa. Na ɗebo waken na kai hanci. Soyayyiyar gyaɗa, da zaƙi a bayanta. Na kashe inji da mutane a layi, na ɗauki bokitin na nufi gidan Malam Usmanu, ban ko wanke hannu ba.

Malam ya tsufa, amma kunnensa ƙalau. Na gaishe shi a gurguje, na zazzage masa komai, tun daga kasaken mazarƙwaila har zuwa talatin da takwas. Ya ce shi bai san talatin da takwas ba, kuma zargi ba a yin sa sai da hujja. Na ce Allah gafarta Malam, ran da aka shiga ɗakin yayata wace hujja aka nema? Daga nan ya ce a kira Hanifa.

Ta zo ran Juma'a da yamma. Ta ce wa Malam lambobinta ba za su gamsar da kowa a Hunkuyi ba, kuma sakamakon kamfani ba nata ba ne da za ta yi yawo da shi. Amma akwai awon da kowa zai gane da idonsa. Tukunya biyu, wake tiya bibbiyu, ɗaya daga rumfar Alhaji, ɗaya daga rumbun Malam. Ruwa ɗaya, wuta ɗaya, ruwan tsami ɗaya, hannu ɗaya. Aka kira Ladan, ya ga dattawa zaune, ba damar ƙi. Sai ya yi murmushi ya ce ya yarda, da sharaɗin Asibi ce za ta yi. Ya san shekara tara ba ta taɓa tukunya ba, ya kuma san abin da take faɗa a kan hannunta. In duka biyun suka lalace, ya wanku, ita kuma ta tabbata.

Yaya ta ce ba za ta yi ba.

“Inna, na gwada waken Malam,” in ji Hanifa. “Tamanin da biyar ne. Zai yi.”

“Kin auna wake. Kin auna hannuna?”

Na roƙa, na yi fushi, na fita na dawo. Abin da ya ɗaga ta ba mu ba ne. Rahama ce ta shigo ta durƙusa a gabanta, tana kuka. Yaya ta dube ta. Sai ta ce mini, “Je ka bayan ɗaki ka ɗauko tukwanen, a wanke.”

Aka sa ranar kasuwa da hantsi, a farfajiyar Islamiyya, inda aka yi walimar. Malam da kansa ya auno waken biyu, a gidansa aka jiƙa. Ni na markaɗa, na wanke inji tas a tsakani, dattawa biyu suna tsaye a kaina. Mata suka cika gefe guda, maza gefe guda. Hanifa ta kawo sikelin teburi ta ajiye a kan benci. Ladan ya zauna a kujera ya harɗe ƙafa.

Da na Ladan aka fara. Ƙyallen tata ya kusa suɓuce wa Yaya. Madara ta fito tsululu. Da ta tafasa, Yaya ta zuba ruwan tsami, 'yan ɓarɓashi suka taso suna yawo, sak irin na ran walima. Na ga fuskarta ta canja, ta koma ta waccan ranar.

“To kun gani,” in ji Ladan yana dariya. “Hannun ne. Ku ba ta na Malam ma ta ɓata.”

Ta tsaya riƙe da ludayi ba ta motsi. Na ji tsoro kada ta ajiye ta tafi. Hanifa ta matso ta kama mata gefen ƙyallen. Aka juye ƙullun waken Malam. Madarar ta zubo fara, mai kauri, tana kumfa. Yaya ta sa yatsa ta murza, ta sake murzawa. Ta ɗora a wuta, ta tsaya a kai tana kwashe kumfa. Da ta tafaso ta janye itace biyu ba tare da ta duba ba, ta ɗebi ruwan tsami ta zagaya da shi bakin tukunya a hankali, ta rufe. Muka jira, ana jin hayaniyar kasuwa daga nesa. Da ta buɗe, awara ta taso curi-curi kamar auduga, ruwan ƙarƙashinta ya koma garau.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Rahama ta zauna a ƙasa daɓas. Yaya kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, ta kwashe ta ɗaure ta danne da dutse. Da aka kwance aka yanka, tire guda cike. Na Ladan bai rufe gindin tire ba. Hanifa ta ɗora dusar biyu a sikeli ɗaya bayan ɗaya, ta kira Malam ya duba da idonsa yadda ta Ladan ta rinjaya nesa ba kusa ba. “Ga inda sauran ya tafi,” ta ce. Amma ni take kallo da ta faɗa.

Malam Usmanu ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce a wannan wuri aka zalunci baiwar Allah nan yana zaune bai hana ba, a wannan wuri kuma yake shaida cewa ba ta ɗauki ƙwayar kowa ba. Ya juyo ya ce, “Asibi, ki yafe mana.”

“Kai na yafe maka, Malam. Ka koya wa yarinyar nan karatu.”

“Alhaji Ladan fa?” in ji Malam.

Aka waiga, kujera ba kowa. Ya sulale ya koma rumfa tun ana guɗa. Yaya ta jawo daro ta juye dusar wakensa a ciki. Ta sa hannu a cikin zane ta fito da gwangwanin madarar nan, ya yi tsatsa, ban ma san ta zo da shi ba. Ta buɗe ta zazzage tsohon waken a kan dusar.

“Safiyanu, kai masa. Ka ce ga kayan da na sata, na dawo da su.”

Daga Islamiyya zuwa rumfar Ladan tafiyar minti biyar ce. Na ɗora daron a ka, ni da furfurata, na bi ta 'yan tumatir, na zaga ta 'yan kaji, na ratsa layin mahauta, duk wanda ya tambaye ni na tsaya na yi masa bayani tun daga farko. Kafin in isa, mutanen da ke bayana sun fi na walimar yawa. Na same shi zaune a kan buhu. Na yi masa sallama, na tambayi gida, na tambayi kasuwa, na sauke daron a gabansa, na isar da saƙo yadda aka ba ni, da ƙarfin da na 'yan shanu ma za su ji. Matan da suka sayi wakensa suka fara ajiye ƙullinsu a bakin rumfar. Wata akuya ta ratso tsakanin ƙafafun mutane ta tsoma baki a daron, ba wanda ya kore ta.

Hanifa ta koma bakin aikinta da yammar ranar, ko cin awarar ba ta tsaya yi ba sai da aka ƙulla mata a leda. Har yanzu tana can tana ƙirga ɗigo, kuma na tabbata in Ladan ya sake kai lafiyayyen wake, za ta rubuta masa tamanin da biyunsa, ni kuma in sake yin fushi.

Kwana biyu bayan gwajin, ina buɗe shago na ga Yaya ce ta farko a layi, da bokiti biyu. Na miƙa hannu zan juye a inji, sai ta riƙe bakin bokitin.

“Shinshina tukuna,” ta ce. “In ka ji wani abu, wannan karon ka yi magana.”